Akuyar da Ta Gyara Mini Audu

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu. Ni Sule mai banda ne daga Haɗeja, a ɗakin karatu nake sauraronku. Ka yi haƙuri da rubutuna, bana na gama ajin yaƙi da jahilci.

Ɗana Audu shekararsa tara, ba ya ɗauke ko tsinke a gida, sai wanka a kogi. Yayana Garba ya ce bulala ce maganinsa. Na ce a'a. Na damƙa wa Audu akuyarmu, na ce ya riƙa yanko mata ciyawa a fadama yana ba ta ruwa, in ta haihu ɗan nasa ne.

Ran nan ya tafi wanka bai ɗaure ta ba, ta auka wa shanyar shinkafar maƙwabciyarmu. Ban taɓa shi ba. Na sa ya je ya ba da haƙuri da bakinsa, sannan na mai da kiwon hannun ƙanwarsa Indo har kwana bakwai. Wallahi yaron nan ko tuwo ya kasa ci. Da na mayar masa, kullum shi ke riga ni tashi.

Da damina, bayan akuyar ta haihu, ruwa ya shigo unguwarmu. Muna ta kwashe hatsi, sai ga Audu cikin ruwa har ƙugu, ɗan akuyarsa a wuya, uwar a hannu, ba wanda ya sa shi.

Iyaye, ku ba yaro abin da zai kira nasa. Ka gaishe mini da Yaya Garba, ka ce masa bulalarsa tana nan rataye, har gara ta fara cinta.