Kumfar da Ta Ƙi Ruwan Gishiri

A tashar mota, wata mai sayar da sabulu ta kasa ɗauke ido daga kwalbar da wani malamin kimiyya ya rungume.

"Malam, magani ne?"

"Kitse ne da ruwa, Inna. Muna zaton kafin rai ya samu a duniya, kitse ne ya fara dunƙulewa a teku, ya yi 'yan jakunkuna kamar kumfa. Shekara uku ina gwadawa, suna fashewa. Har ana shirin rufe mini ɗakin gwaji."

"Da ruwan gishiri kake haɗawa?"

"Ƙwarai."

Ta kwashe da dariya. "Haba ɗana! Gishiri ai kashe kumfa yake yi. Ni in zan yi wanki, ruwan sama nake tarawa."

Malamin ya shiga laluben biro don ya rubuta.

"Shekara uku!" in ji ta. "Ai da ka tambayi mai wanki."