Itacen Jegon Da Ba A Ƙona Ba

Salamu alaikum malam mai karanta wasiƙu a sabon gidan rediyonmu, sannu da aiki. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Birnin Damagaram.

Tun da mai ɗakina ta samu ciki nake tara mata itacen wankan jego. Kowace Alhamis, da yake babu lakwal, sai in ari amalanken maƙwabcina in nufi dajin Gaffati in tsinto busassun rassa. Takan yi dariya ta ce, "Malam, haihuwa fa zan yi, ba gidan burodi zan buɗe ba."

Wata Alhamis ina daji naƙuda ta zo mata da gardama. Aka nemi amalanken don a kai ta gidan likita, shi kaɗai ne a unguwar, ga shi yana hannuna. Na dawo da lodi na tarar da maza zazzaune a ƙofar gidana. Jaririyar ta rayu, uwar ta cika.

Jama'a, idan watan haihuwa ya kama, ku bar abin hawa kusa da gida.

Itacen yana nan jibge. Inna mahaifiyata ta ce in yi sadakarsa ga wata mai jego, ni kuwa na kasa taɓa ko tsinke. Masu sauraro, yaya zan yi da shi?