Cukun Ƙarshe na Mai Agogo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan ƙungiya ta masu yin cuku a gida, Baba Kafinta. Mataimakiyarsa, Malama Nas. Dattawan da ke zaune a layin gaba. Masu wannan zaure da suka ara mana kujeru da fanka. Iyayena, yayyena, ƙannena da 'ya'yana. Har da baƙin da ƙamshi ne kawai ya jawo su daga bakin titi, ina gaishe ku gaba ɗaya, ina fatan kowa ya baro gida lafiya.

Ni ba mai magana a taro ba ce, karatuna kuma bai yi nisa ba, don haka in na yi tuntuɓe ku yafe mini. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce matar Mai Agogo, wanda Allah ya yi wa rasuwa a farkon shekarar nan. Ina godiya ga waɗanda suka raka shi makwancinsa, ina godiya ga waɗanda suka zauna da mu, ina kuma godiya ta musamman ga waɗanda suka ci gaba da leƙo ni bayan kowa ya watse, gida ya yi shiru.

Abin da kuke gani a kan teburin nan, naɗe da farin ƙyalle, shi ne cukun ƙarshe da ya yi da hannunsa. Lokacin yanka shi ya yi, har ya ɗan gota. In na yanka, ya ƙare ke nan. In na bari, zai lalace. Wannan ne ya hana ni sukuni, shi ne kuma ya tsayar da ni a gabanku yau.

Abu na farko da nake so ku sani shi ne, ban yi maraba da wannan sha'awa tasa ba da ta shigo gidanmu. Da idonsa ya yi rauni, ya daina ganin ƙananan haƙoran agogo, sai ya rufe shago ya dawo gida da hannu biyu da ba su saba zama banza ba. Ba a jima ba babbar tukunyata ta ɓace daga madafa. Rariyata ta bi ta. Wata safiya na nemi dutsen guga na rasa, ashe yana can an ɗora shi a kan cuku ana matse ruwa, an ƙara masa da bokiti cike. Na tambaye shi da me zan goge wa yara kayan makaranta, ya ce ai yamutsattsen kaya bai taɓa hana kowa gane karatu ba. Cukun da ya fara yi kuwa, Baba Kafinta shaida ne, in ka jefa shi ƙasa sai ya yi tsalle ya dawo maka. Kyanwar gidanmu ta sansana ta juya baya. Ku ne kuka gaya masa gaskiya, kuka ce wutarsa ta yi yawa, kuka ce gaggawa yake yi, Baba Kafinta kuma ya ƙera masa abin matsa na katako, ni kuma na samu dutsen gugana ya dawo. Wannan alheri ban taɓa yi muku godiyarsa ba sai yau.

Abu na biyu shi ne juyi. Masu wannan aiki sun sani, amma bari in faɗa saboda baƙi. Irin cukun da ya fi so shi ne mai tauri, wanda yake yin watanni a kan katako kafin a ci. Kowace safiya sai an juya shi, sama ya koma ƙasa, don kada danshi ya taru a gefe guda ya ruɓar da shi, sannan a goge bayansa da tsumma da ruwan gishiri. A ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakalarmu yake ajiye su, inda rana ba ta shiga, inda sai ka sunkuya kafin ka wuce ƙofa. Wannan na ƙarshe a zaune ya yi shi, 'yarmu ce ta ɗaga masa tukunya, domin ƙarfi ya riga ya fara barinsa. Da aka kwantar da shi a asibiti, na shigo da safe riƙe da kwanon abinci, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Maman yara, kin juya shi?" Raina ya ɓaci. Na ce ni ina ta kansa, shi yana ta cuku. Ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce shi ga likitoci nan suna juya shi, wancan kuwa ba shi da kowa sai ni.

Na koma gida na juya. Washegari ma na juya. Ranar da aka kai shi makwancinsa aka dawo, gida cike da jama'a, da gari ya waye sai na tsinci kaina a sunkuye a ƙofar ɗakin nan, tsumma a hannuna, ban ma san lokacin da na jiƙa shi ba. Jama'a, ban san yadda wasu suke tashi da safe bayan rashi ba. Ni dai abin da ya tashe ni ke nan. Akwai ranakun da ban so ganin kowa ba, ban so cin komai ba, amma akwai abu guda da yake jirana in juya shi, kuma ba zai yi mini tambaya ba. Ranar da na ga kore-kore ya fito a bayansa, na ruga gidan Malama Nas da sabulu a hannu ina tambaya ko in wanke. Ta ƙwace sabulun, ta zaunar da ni, ta ba ni shayi, ta nuna mini cewa gishiri ya isa. 'Yata kuwa cewa take yi na samu sabon jariri, saura in goya shi.

Sauran cukun da ya bari mun ci, mun rarraba wa maƙwabta. Wannan ne kaɗai na hana. Baba Kafinta ya zo ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya kasa kunne, ya ce ya nuna. Na ce a ƙara masa lokaci. Ya sake dawowa, na sake cewa a ƙara. Sai ga 'yar tsaga ta bayyana a gefe, na shafe ta da mai, na juya wajen ya fuskanci bango don kada kowa ya gani. Malama Nas ta gani. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar'uwa, cuku ba hoto ba ne. Don baki ya yi shi." Na yi kuka ranar, amma irin kukan da in ka gama sai ka ji yunwa.

Saboda haka na kawo shi nan, domin ku ne kuka ci marasa daɗinsa, ya kamata ku ci wannan. Ban san abin da ke cikinsa ba. Watakila ya yi kyau, watakila na makara. Ko yaya kuka same shi, ku faɗa mini gaskiya kamar yadda kuke faɗa masa, kada ku tausaya mini.

Abu na uku roƙo ne. Gobe da safe katakon nan zai wayi gari babu komai a kansa, ni kuma na saba tashi. Na iya juyi, na iya gogewa, amma farkon aikin ban san shi ba, domin duk lokacin da yake dafa madara ni ina tsakar gida ina mita. Ranka ya daɗe shugaba, a sa ni cikin sababbin masu koyo, a benci ɗaya da 'yan matan nan. Tukunya dai ina da ita.

Allah ya jiƙan Mai Agogo, ya jiƙan naku da suka riga mu. Allah ya sa albarka a hannuwanku da gidajenku, ya tsare madararku daga ƙuna, ya ba mu haƙurin jiran abin da bai nuna ba, da ƙarfin zuciyar sakin abin da ya nuna. Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Baba Kafinta, miƙo mini wuƙar, ni zan fara. Na gode, na gode ƙwarai.