Oyo Na Ji, Ashe Owo Aka Ce

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Habu daga Kademi ta Gaya.

Bara Babanmu ya raka shanu Kudu. Ranar Talata da hantsi wani baƙo ya kira ni, layi yana yankewa, ya ce, "Motar su Babanku ta faɗi, yana asibiti, ana neman jini. Ku zo Oyo." Aƙalla haka kunnena ya ji.

Washegari na sauka Oyo. Asibiti huɗu na shiga babu shi, lambar baƙon kuma a kashe. Ina zaune bakin tasha na ba wani dattijo mai goro labarin, sai ya tambaye ni, "Ɗana, Oyo ya ce ko Owo? Garuruwan nan harafi uku ne, ta gaba ta baya duk ɗaya ake karanta su. Owo tana Ondo."

Sai Alhamis na isa Owo. Na tarar wani direba ya ba Baba jini, Baba ya buɗe ido ya ce, "Habu, ina ka tsaya?"

Jama'a, in an faɗa muku gari, ku tambayi jiharsa. Ina gaida direban nan, Allah ya saka masa.