Ƙanen Rabi ma yana son cin bashin karatu

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Hajiya Binta ce daga Ƙofar Durbi.

Da bashi ɗiyata Rabi ta yi digiri kan lafiyar al'umma. Yau aikinta ɗigon rigakafi gida-gida, shi ma sai an kira ta, kuma kuɗin a mota suke ƙarewa. Yanzu ƙanenta Sadiƙu ya kafe sai wannan karatun, zai ci bashi.

Na ce, "Ba ka ganin wahalar yayarka?"

Ya ce, "Mama, da amai da gudawa ya shigo unguwar nan, wa kuka kira?"

Haushi ya ishe ni, don Rabi muka kira. Masu sauraro, don Allah, in hana shi ko in sa mashi albarka?