Gayyar da Ta Hana Rufe Lakwal a Kwarin Dodo

Assalamu alaikum wa rahamatullahi. Mai girma shugaban taro, mai girma wakilin Sufurefe, shugaban mulkin yankin Mirya, ranka ya daɗe Ansifekta mai duba makarantu, masu gari da limamai, iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfa, abokan aikina malamai, da ku 'ya'yana 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ina gaishe ku da gaisuwar girma. Na gode da kuka bar gonakinku kwana uku da saukar ruwan shuka, kuka zo nan Dogo. Na san abin da hantsin yau yake nufi ga manomin da bara bai ɗaure ko dami goma ba.

Akwai maganar da nake yawan ji in ina zagayen makarantunmu biyar da aka ɗora mini kula da su. Cewa ake, ilmi yana inda kwano da siminti suke, makarantar zana kuwa sai dai ta jira gwamnati. Ni kaina na daɗe da wannan zato. Shekarar nan da aka yi fari ta gyara mini shi.

Abu na farko, sakamako. Yara arba'in da ɗaya muka kai jarrabawar sartifika ta kammala firamare, ashirin da shida suka ci. A shekarar da yunwa ta sa mutane suka ci anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, wannan abin godiya ne. Makarantar da ta fi kowace kuwa ita ce ta Kwarin Dodo, wadda ba ta da ko falle ɗaya na kwano. Yara bakwai ta kai, shida suka haye.

Abu na biyu, yadda aka yi, domin makarantar nan ta kusa mutuwa. Da aka koma karatu bayan damina, yara goma sha uku kawai daraktanta Suma'ila, wanda muke kira Mushe yadda ake kiran malaman boko, ya tarar cikin arba'in. Wasu iyayensu sun tafi da su Kano, wasu suna daji tsinkar anza. Umurni ya zo cewa in yara ba su kai ashirin da biyar ba kafin watan Janairu, za a rufe ta a ɗauke malamai. Cikin waɗanda suka rage akwai Aisa, 'yar ajin ƙarshe, wadda take hannun kakarta Zainaba. Rufe makarantar na nufin ƙarshen karatunta, don ba mai barin yarinya ta yi tafiyar awa uku kullum zuwa wata makaranta da yunwa.

Suma'ila ya lura yunwa ce ke kwashe yaran, ya kuma lura ruwa bai yi nisa ba a kwarin da ke bayan gari. Sai ya yi shawarar a yi wa makaranta lambu, yara su riƙa cin abincin rana. Shawara mai kyau. Amma sai ya rubuta takardu, ya buga musu hatimi, ya aika gida-gida yana kiran magidanta taro kan aikin lambun. Ni ma na duba takardar, na ce ta yi. Ranar taro ba wanda ya zo, har mai gari Dodo ya aiko cewa ƙafa ta matsa masa. Mu da muka yi boko mun manta cewa takarda mai hatimi, a wurin talaka, ko lampo ce, wato haraji, ko sammaci.

Zainaba ce ta same shi zaune a aji ya yi tagumi. Ta ce, "Mushe, ɗana, wa ya taɓa kiran mutane aiki da takarda? Gayya za ka kira."

Ya ce, "Iya, gayya sai da fura, ni kuwa ba ni da ko tiya guda ta gero."

Ta ce, "Ka taɓa ganin namiji ya dama furar gayya? Kai dai nemo makaɗi."

Tsohuwar nan ta ɗauki ƙwarya ta bi gidaje, kowace mace ta zuba dintsi ɗaya daga abin da za ta daka. Ranar Asabar Mamman makaɗi ya saɓa gangarsa ya tsaya ƙofar mai gari, yana tambayar duniya ko ƙafar Dodo ta warke. Ta warke nan take. Maza talatin da biyu suka fito, suka haƙa rijiyoyi uku, suka kewaye wurin da ƙaya. An ce Mamman bai bar daraktan ma ba, ya yi ta yi masa kirari cewa yana riƙe hauya kamar alli. Aka shuka dankali da kabewa da wake. Kafin su nuna, matan suka ci gaba da zuba dintsinsu, aka haɗa da buhu uku na dawar agaji. Ranar da na je ƙirga a watan Janairu, yara talatin da ɗaya na tarar. Aisa ga ta can zaune, ita ta zo ta ɗaya a makarantunmu duka, bana za ta shiga kolej a Damagaram.

Abu na uku, roƙo. Gwamnati ta biya malamai, ta aiko alli da kaye, wato littattafan rubutu, mun gode. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rijiyoyin nan na rairayi ne, ɗaya ta riga ta rufta. Ranka ya daɗe, a taimaka mana da siminti da igiya. Kuma kada mu manta yara tara na Kwarin Dodo da har yau ba su dawo ba.

Ku iyayen sauran garuruwa huɗu, ba sai kun yarda da maganata ba. In kun gama shuka, ku je ku ga lambun da idonku, ku tambayi Iya Zainaba yadda ta yi. Sa'an nan ku koma gida, ku dubi inda ruwa ya fi kusa, ku sa rana, ku gwada.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbuna, ya dawo mana da waɗanda suka tafi. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya saka wa malamansu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.