Tiyar Urafane da ta Mayahi

A tashar Tasawa, wani dattijo ɗan kasuwa ya leƙa ordinatar, wato kwamfutar matashiyar da ke gefensa a cikin mota.

"Ɗiyata, mi kike yi haka?"

"Aplikasiyon na waya nake haɗa wa manoman wake, Baba. Na yi musu kuɗin aikin wata biyu, ga shi shekara ta zagayo ban gama ba."

"Shekara! Subhanallahi! Mi ya riƙe ki?"

"Tiyar awo. Na ɗauka girmanta ɗaya ko'ina. Ashe ta Urafane daban, ta Mayahi daban. Sai da na bi kasuwanni ina gwadawa."

"In kin gama fa?"

"Manomi zai ga bambancin a wayarshi."

"Innalillahi! Manomin? To mu da ke saye da babba?"

"Ku saida da wacce, Baba?"

"Kai direba! Motar nan ba ta cika ba?"